Garwashin Ƙarshe na Garun Tama

A garinmu, Garun Tama, akwai wata wuta da ba ɗan Adam ne ya ƙyasta ta ba. Kakan kakanninmu, wani maƙeri mai suna Dogara, shi ya shiga ramin haƙar tama wata safiya, bai fito ba sai bayan kwana arba'in, gemunsa a babbake, da garwashi guda a tafin hannunsa. Magajiyar Birnin Ƙyastu, sarauniyar aljanun wuta, ita ta ba shi. In ka ga wutar ba za ka bambanta ta da ta dafa tuwo ba, sai ka hura ta ka kasa kunne, sannan za ka ji tana gunaguni ƙasa-ƙasa kamar zuma a cikin amya. Ƙarfen da aka ƙera da ita ba ya tsatsa, fartanyarsa kuwa shiga fako take yi kamar ana yankan kabewa.

Sharaɗi guda Magajiya ta gindaya masa. Muddin akwai wutar da aka kunna daga wannan garwashi tana ci a doron ƙasa, ƙarfenmu ƙarfe ne. Ranar da ta ƙarshe ta mutu, duk abin da aka taɓa ƙerawa da ita zai ruguje ya koma jar ƙasa, daga garma har allura.

Dogara ya kunna wa maƙera arba'in, ya yi zamaninsa ya tafi. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka zauna suka ƙulla doka, wai don kada wutar ta zama ta kowa da kowa. Suka ce kowane maƙeri ɗa guda zai gadar wa, kuma namiji. Mace ba ta taɓa ta. Gidan da tasa ta mutu kuwa ba ya roƙo a wani gida, ya fita daga ƙira ke nan har abada. Dokar ta yi musu daɗi a baki ƙwarai. Sai dai wani bai haifi namiji ba, wani ruwan sama ya rufta masa rumfa, wani zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku babu mai hura masa. Arba'in suka koma talatin, talatin suka koma goma sha ɗaya, ana ta cewa ƙaddara ce. A zamanin da nake ba ku labari saura biyu kacal: ta Makau, Sarkin Maƙera, da ta ɗan kawunsa Jatau.

Makau gajere ne kakkaura, ya haura sittin, ga taurin kai kamar uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kansa. Allah bai ba shi ɗa namiji ba. 'Yarsa ɗaya ce, Yelwa, maginiyar tukwane, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa tun tana goye ba ya kiranta sai da Uwata. Shekara bakwai kafin wannan lokaci ya kama ta da sassafe a rumfar ƙira, tana ɗibar garwashi a tsingaro, wai wutar gidan mijinta ta mutu, ga yara suna kukan kunu. Ya fizge tsingaron ya tsoma shi a ruwa, ya rantse a gaban jama'a ba shi ba ita. Tun daga ranar ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai. Abin yana cin sa a rai, amma ya gwammace ya haɗiye shi da a ce Sarkin Maƙera ya janye magana.

To, wata ranar Laraba, ana dab da saukar damina, kowa ya fito da garmarsa yana wasawa, sai ga Jatau ya faɗo rumfar Makau babu hula.

Ya ce, "Yaya, an gama da ni! Akuya ce, akuyar gidana! Ta hau ta ture randa a kan murhu. Na tona har ƙasa, ko ɗumi babu."

Makau ya dube shi, ya dubi nasa murhun. Wutar da ta yi shekara ɗari uku tana ci, akuya ta kai ta ƙasa. Jatau ya tsaya yana kallon garwashin yayansa, bakinsa yana motsi, amma bai roƙa ba, shi ma Makau bai ce ungo ba. Doka ce.

Daga ranar zama ya gagari Makau. In ya zauna sai ya miƙe ya leƙa murhu. In iska ta kaɗa gabansa ya faɗi, in ya yi tari ya tuna ba shi da magaji. Kowace fartanya da ya gani a kafaɗar manomi, sai ya ga kamar jar ƙasa ce ke shirin zubowa. A kwana na uku ya kwashe wutar kaf ya zuba a kasko mai murfi, ya rataya shi a ƙirji, ya cika burgami, jakarsa ta fatar akuya, da gawayin ƙirya, ya soke masabarsa ta dukan ƙarfe a ɗamara.

Jatau ya ce, "Yaya, ina zuwa haka da wutar gari a wuya?"

Ya ce, "Inda aka samo ta. Zan karɓo wadda ba ta mutuwa."

Ya shiga tsohon ramin Dogara da hantsi. Ya yi ta gangarawa har gangara ta juye ta zama hawa, ya ɓullo a wata ƙasa mai sama ja kamar tagulla, ranarta a tsaye cak a la'asar, ba ta gaba ba ta baya. A gabansa wani kogi ne shimfiɗe, babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, toka ce zalla take gudu tana tumbatsa. A bakin gaɓa ga jirgin ƙarfe, a cikinsa wani dogon aljani baƙi wuluk, da lofen taba a bakinsa.

Aljanin ya ce, "Dakata nan, ya kai ɗan Adam. Ni ne Sarkin Fito na Kogin Toka. Shekaru sun shuɗe lofena yana bakina babu wuta. Ka ba ni tartsatsi guda daga abin da ke ƙirjinka, in haye da kai ƙafarka a bushe."

Makau ya dafe murfin kasko da hannu biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba wutar lofe ba ce. Gadon maƙera ce, daga uba sai ɗa."

"Kana da ɗan?"

"Wannan kuma tsakanina da Ubangijina ne."

Sarkin Fito ya yi murmushi, haƙoransa farare tas. Ya ce, "Ban taɓa ganin wutar da ta ragu don an kunna wata da ita ba. Amma kogi ga shi nan, ban hana ka ba."

Makau ya ɗora kasko a ka ya faɗa. Toka ta kama shi a gwiwa, ta kai ƙugu, ta kai haɓa. Wasu abubuwa da bai gani ba suka yi ta gatsar ƙwaurinsa, yana kai musu shuri yana salati. Da ya fita a ɗaya gaɓar ya yi fari fat kamar an tono shi, burgamin ya yage, rabin gawayin ya tafi. Ya buɗe kasko. Garwashi biyar suka rage a cikin abin da ya cika kasko da safe. Ya ƙara musu gawayi, ya hura, ya ji gunaguninsu, ya ci gaba da sauri ko kakkaɓe jikinsa bai tsaya yi ba.

Bai yi nisa ba ƙasa ta yanke. Wani kwazazzabo ne wanda ba a ganin ƙarshen zurfinsa, kuma babu gada sai wani itace da ya kwanta ya miƙa rassansa zuwa ɗaya gefen. Itacen nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kana kallo reshe zai tsiro, kafin ka ƙifta ido ko dai ya bushe ya karye ya faɗa rami, ko ya rabu biyu, ko uku, su ma kowannensu haka. Ƙarar karyewa da ta tsiro sun cika wurin kamar ana sussukar gero. A gindinsa wata tsuntsuwa ce zaune, girmanta ya kai jimina, fuskarta ta tsohuwa.

Ta ce, "Lale da jikan Dogara. Ni ce mai gadin Itacen Zuriya. Duk mai zuwa Birnin Ƙyastu ta kansa yake bi. Zaɓi hanyarka da kanka, ba na zaɓa wa kowa."

Makau ya duba. Ta hagu rassa ne sirara, sun cakuɗe kamar saƙar da kaji suka shiga, suna ta karyewa suna ta tsirowa. Ta dama kuwa wani reshe ne guda, kauri kamar turmi, ya miƙe samɓal, gaɓa tana haifar gaɓa, bai rabu ko sau ɗaya ba.

Ya ce, "Iya, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ga hanyar manya."

Tsuntsuwar ta ce, "Haka duk 'yan gidanku suke cewa."

Ya hau. Gaɓa ta farko lafiya, ta biyar lafiya, ta ashirin lafiya, har ya fara jin daɗin kansa. Yana tsakiyar ramin sai gaɓar da ke gabansa ta tsiro a bushe. Babu wata a gefenta. Bushewar ta biyo baya tana cin reshen, ya ji ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ga Sarkin Maƙera a iska yana ihu. Abin da ya tare shi rassan nan ne sirara da ya raina. Goma suka karye a ƙarƙashinsa, ashirin suka riƙe. Ya bi su da rarrafe, duk wanda ya dafa yana iya mutuwa a hannunsa, amma kafin ya mutu wani ya tsiro a kusa. Haka ya haye, gwiwoyinsa duk jini. Murfin kasko ya goce a faɗuwar, garwashi uku sun tafi. Saura biyu.

Daga nan ya shiga wata doguwar rumfa mai sanyi. Uwayen maƙera ne jere a cikinta, kowace da murhu a gabanta, kowane murhu a mace. Ya gane tambarin gidajen da ke jikinsu: ga na gidan Anaruwa da kakansa yake ba shi labari, ga na gidan Cindo da aka rufe yana saurayi. Ya ƙirga talatin da tara. Ta ƙarshen ma murhunta bai gama bushewa ba, ga sawun akuya a jiki. A gefenta wani guntun aljani mai ƙirji kamar zugazugi yana ta share wani fili da tsintsiya, yana huci.

Makau ya ce, "Bawan Allah, wa ake share wa nan?"

Aljanin ya rusuna da ladabi. Ya ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Ba mu so ka zo ka tarar da wurin da datti."

Makau ya ja da baya. Ya rungume kasko ya zura da gudu, bai tsaya ba sai a ƙofar Birnin Ƙyastu.

Ganuwar birnin ta ƙanƙarar dutse ce, tana tartsatsi da kanta duk lokacin da iska ta goge ta. Mutanen birnin kuwa ba sa taka ƙasa, wucewa suke yi fuu kamar an watsa garwashi. Aka kai shi wani zaure mai daɓen baƙin dutse. Can ƙurya ga Magajiya a kan gadon ƙarfe ja zur, gashinta hayaƙi ne yana tashi a hankali, idanunta ba sa kalluwa. Makau ya zube ya yi gaisuwa.

Ta ce, "Ɗago, jikan Dogara. Kakanka ya zo mini hannu wofi ya koma da wuta. Kai ka zo da wuta, me kake son komawa da shi?"

Ya ce, "Allah ya ja zamaninki, kyautarki ta ƙare a hannunmu. Mun tsare ta iyakar tsarewa, ba mu bar kowa ya taɓa ta ba, amma daga arba'in saura ni kaɗai, ni ma ga abin da ya rage. Damina tana bakin ƙofa. In ta mutu babu garma babu lauje, garinmu yunwa za ta cinye shi. Ki ba ni wadda ba ta mutuwa."

Magajiya ta yi dariya, zauren ya ɗauki zafi. Ta ce, "Wutar da ba ta mutuwa? Ni da nake sarautar wuta ban taɓa ganinta ba. Matso ka ga talakawana."

Ta ɗauki duwatsu biyu ta haɗa. Tartsatsi guda ya faɗo a daɓe, ya yi ta zagaye kamar tururuwa, ya yi numfashi ɗaya ya mutu. Ta sake. Na biyu ya rabu biyu, biyun suka zama huɗu, suka watsu kowanne ya kama gabansa, suka koma uku, suka koma ɗaya, ɗayan ya mutu. Na uku ya mutu nan take. Na huɗu ya yi zuriya har goma sha wani abu, Makau ya ce a ransa wannan kam ya tsira, sai ga su sun bi juna sun ƙare. Sai a na bakwai, wani ɗan mitsitsi da ya fito kamar ba zai kai ba, ya rabu uku, ukun suka rabu, wasu suna mutuwa wasu suna rabuwa, har daɓen ya cika da haske, Makau ya janye ƙafafunsa.

Ta ce, "Da me na bakwai ya fi na farko?"

Ya ce, "Ban ga komai ba, ranki ya daɗe."

"Ni ma ban gani ba. Ba na sanin wanda zai mutu da wanda zai haihu sai abin ya faru. Abu guda na sani. In masu rabuwa sun rinjayi masu mutuwa, zuriya tana iya tsira, tana kuma iya ƙarewa. Yanzu dubi dokarku."

Ta share daɓen da hannu, ta zubo tartsatsi arba'in. Ta ce musu, "Kowannenku magaji ɗaya, kada ya wuce." Suka fara zagaye. Mai mutuwa ya mutu, mai barin ɗaya ya bar ɗaya, babu mai cike gurbin wani. Makau yana kallo suka koma talatin, suka koma goma sha ɗaya, suka koma biyu. Ya kau da kai.

Ya ce, "A sake, ranki ya daɗe. Wannan rashin sa'a ne."

Ta sake da ɗari. Ta sake da dubu. An daɗe kaɗan, amma daɓen baƙi ya koma.

Ta ce, "Abin da ke raguwa ba ya ƙaruwa, ko daga nawa ya fara, ƙarshensa ke nan. Ni sharaɗi ɗaya na ba Dogara. Ɗa guda, da hana mata, da hana roƙo, wa ya faɗa muku? Ku kuka ɗaure wutata kamar akuya a turke, kuka zauna kuna ƙirga gawarta."

A nan ne Makau ya tuna rabonsa da hura kasko tun rumfar nan mai sanyi. Ya buɗe. Ɗaya ya riga ya zama toka. Ɗayan saura ɗan jan ido kamar ƙwayar dawa. Ya hura a hankali, ya hura da ƙarfi, ya tura masa gawayi yana roƙonsa kamar mutum. Jan idon ya lumshe.

Makau ya zauna daɓas. Tsoho ne mai gemu, amma kuka ya yi wiwi, ba kunya. Ya zaro masabarsa ya ɗora a tafin hannu, masabar da ubansa ya ƙera, yana jiran ta ruguje. Ya jira. Ya matsa ta. Ya ƙwanƙwasa ta a daɓe, ta ce ƙal, ƙarfe sosai.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ko kin yafe mana ne?"

Ta ce, "Aljani ba ya warware sharaɗi. Leƙa nan."

Aka kawo kwatarniya cike da baƙin ruwa. Ya leƙa, sai ga Garun Tama daga sama, rufin ɗakuna da rumbuna da tsamiyar kasuwa. Rumfar ƙirarsa duhu. Amma a bayan gidaje, a madafai, wasu 'yan fitilu ne ke ƙyalli, ya ƙirga goma sha tara. Yana kallo ɗaya ta mutu, sai ga wani ɗan haske ya fito daga gidan maƙwabta yana tafe a bakin danga, ya shiga, ta sake kamawa. Wata ta haifi biyu. Wata ta mutu ba a kawo mata ba.

Magajiya ta ce, "Matan garinku ke nan da tsingaronsu, suna ɗibar wuta a gidajen juna kamar yadda suka saba tun fil azal. Kana tsammani ranar da ka kama 'yarka ita ce ranar farko da ta ɗiba? Ta ɗiba ana gobe za ka kama ta, ta sammaka wa maƙwabciyarta kafin tata ta mutu. Shekara bakwai ke nan wutata tana dafa muku tuwo, kana ci kana cewa kai kaɗai ka rage."

Makau ya sake leƙa kwatarniyar. Kunya da murna suka haɗu suka rufe shi. Yana cikin kallo sai ya ga ruwan ya ƙara duhu. Hadari ne ya taso daga gabas, irin na farkon damina mai tsige rufi. Fitilun suka fara ɗaukewa. Goma sha biyar. Goma sha ɗaya.

Ya ce, "Ki tsayar da shi, don girman wanda ya halicce ki!"

"Ruwa ba talakana ba ne. Na gaya maka mai rabuwa ma yana iya ƙarewa. Madafansu a buɗe suke, kai kuwa kana da kasko mai murfi da busasshen gawayi, ka kuma san yadda ake raya wuta a cikin ruwa. Ba ni da abin da zan ba ka, jikan Dogara. Abin da kake nema yana inda ka baro shi. Takwas suka rage. Gudu!"

Ta hura masa hayaƙin gashinta. Ya ji an yi sama da shi ana juya shi kamar ganye, sai ga shi a bakin ramin tama, ruwa yana dukansa kamar da bakin ƙwarya, rana ba ta ko faɗi ba. Ya tura burgami cikin riga ya sheƙa. Ya faɗi a taɓo ya tashi, takalmi ɗaya ya tafi, bai waiwaya ba. Hannunsa ɗaya yana kan masaba, duk taku sai ya matsa ta ya ji ko har yanzu ƙarfe ce. Ya wuce gidaje, rufin madafai a ƙasa, murhuna sun zama tafki, mata suna ta kwashe yara. Ƙafarsa ta kai shi ƙofar da ya yi shekara bakwai yana kewaye wa.

Gidan Yelwa ruwa har idon sawu. Murhunta ya nutse. Can gindin rumbu ya hango wata babbar randa da ba a gama gasawa ba an kwantar da ita a gefe, Yelwa ta durƙusa ta tura kai da kafaɗu ciki, ta toshe bakin da bayanta, ruwa yana zuba a kanta. Ya matsa ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ji gunagunin nan, siriri, kamar zuma guda ta ɓata hanya.

Ta waiwayo ta gan shi. Ba ta gaishe shi ba. A hannunta tsingaro ne da garwashi ɗaya, bai fi goro ba.

Ta ce, "In ruwa ka zo zuba mata, Baba, Allah ya riga ka."

Ya ce, "Ita ke nan?"

"Ita ke nan a unguwar nan, na zagaya. Tawa ta mutu tun farkon ruwa. Wannan daga ɗakin tsohuwa Tarana na ɗebo, ina fita rufinta ya zubo." Ta dube shi sama da ƙasa, ga toka, ga jini, ga ƙafa ɗaya babu takalmi. "Ina taka?"

"Ta mutu."

"To me ka zo yi?"

Makau ya sunkuyar da kai. Maganar da kowace yarinya a garin take faɗa a ƙofar maƙwabta ba tare da ta ji komai ba, ita ce ta yi wa Sarkin Maƙera nauyin faɗa. Ya kwance kasko daga wuyansa, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Uwata, na zo ɗibar wuta."

Yelwa ta dubi kaskon. Ruwan da ke fuskarta ba na sama ne kaɗai ba. Ta ce, "Mu a wurinmu ba a hana wuta, Baba. Ko wanda ake gaba da shi ana ba shi."

Ta ɗauki tsinken ƙarfe ta ɗora a kan garwashin. Makau ya yi zumbur ya ce, "Kada ki fasa ta! Ƙarama ce, za ta mutu!"

Ta ce, "Ɗaya ma mutuwa take yi." Ta danna.

Garwashin ya rabu uku. Guda ya yi baƙi nan take, Makau ya ji kamar an cire masa haƙori. Ta tura masa ɗaya cikin kasko, ta riƙe ɗaya. Ya zazzage gawayin ƙirya ya raba biyu, rabi nasa rabi nata. Uba da 'ya suka haɗa kai a bakin randa, kowa yana hura tasa. Ta Makau ta yi kamar za ta tafi, ta dawo, ta sake lumshewa. Ta Yelwa ce ta fara kamawa, sannan tasa ta biyo, gunagunin ya cika randar.

Da ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo ja a yamma, sai ga mata a ƙofar gida, kowace da tsingaro a hannu, sun biyo hayaƙi. Da suka ga wanda ke durƙushe da kasko sai suka ja da baya, wasu suka ɓoye hannu a zane. A bayansu duka ga Jatau a raɓe jikin danga, shi ko tsingaron bai yi ƙarfin halin ɗaukowa ba.

Makau ya miƙe da ƙyar. Ya dubi wutar da ke kaskonsa, wadda gidansu ya yi shekara ɗari uku yana hana kowa. Ya sa awartaki, ya yafito tsohuwa Tarana da ke gaba. Ya ɗora mata garwashi, ya tsaya, ya ƙara mata wani.

Ya ce, "Ɗaya naki ne, Iya. Ɗayan ki kai wa wadda tata ta mutu." Sannan ya ɗaga murya ta saman kawunan matan. "Kai kuma, Jatau, tsayuwar me kake yi? Nemo kasko. Ka kuma ɗaure akuyar nan."